Tankin Murjani a Bazarar Zariya: Inda Zafin Ke Fitowa da Yadda Ake Sauke Shi

Wanda ya ɗaura niyyar kiwon murjani da kifin teku a Zariya ya san tun farko cewa ya ɗauko Dala ba gammo. Gishirin haɗa ruwa sai an aiko daga nesa, ruwan sai an tace shi, dabbobin kuma sun sha doguwar tafiya kafin su iso. Duk wannan kuɗi da haƙuri na maganinsa. Abin da ya fi kashe tanki a garin nan shi ne makonnin da ke tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 35, kwanon rufi ya ɗauki wuta, sannan a ɗauke lantarki da tsakar rana.

Zafin ruwan tanki lissafi ne: akwai wanda ke shiga, akwai wanda ke fita. Mutane da yawa na tsallake lissafin, su garzaya su sayi injin sanyaya ruwa, alhali rabin zafin da injin zai yi ta fama da shi su ne ke zuba shi da hannunsu. Don haka za mu bi abin daki-daki, daga mai arha zuwa mai tsada.

Iyakar da muke karewa

Murjani dabba ne, amma a cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta guda. Su ne ke amfani da haske su haɗa abinci su ba shi kaso mafi tsoka, kuma yawancin launinsa daga gare su yake. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, ga kuma haske mai ƙarfi, aikinsu na rikicewa har su fara fitar da sinadaran da ke cutar da naman murjanin, shi kuma sai ya kore su, ya koma fari fat. A teku, ƙarin digiri ɗaya a kan zafin da wuri ya saba gani a watansa mafi zafi, muddin ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka. Abin da ya auku ke nan a babban tsaunin murjani na gaɓar Ostiraliya a 1998 da 2002, sannan a jere a 2016 da 2017.

Yawancin masu kiwo na ajiye tanki tsakanin digiri 24 da 26. A nan Zariya ni dai ina ganin neman 24 ɓarnar wuta ce. Ka sa 26 a gaba, ka ɗauki 27 abin da za a iya zama da shi, 28 kuma ƙararrawa. Daga 29 murjani masu laushin rai irin su Acropora sun fara wahala, 30 zuwa sama kuwa awoyi kake ƙirgawa. Tankin da ke zaune daram a 27 ya fi lafiya a kan wanda ke 24 da asuba ya kai 29 da la'asar.

Akwai kuma maganar numfashi, wadda ita ce ke fara kisa. Ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba. Yana ƙasa da shi da kusan kashi 20 cikin 100. Yana ƙara zafi abin da yake riƙewa na ƙara raguwa, a daidai lokacin da kifi da murjani da ƙwayoyin bakteriyan da ke cikin duwatsu duk buƙatarsu ke ƙaruwa. Shi ya sa sau da yawa kifi ke riga murjani mutuwa.

Mataki na farko: auna, kada ka yi ƙiyasi

Ma'aunin zafin nan da ake mannawa a bayan gilashi cire shi, iskar ɗaki yake karantawa. Ka nemi guda biyu, ɗaya na gilashi mai shawagi a ruwa, ɗaya na lantarki mai igiya. Ka gwada gaskiyarsu: cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, ka ɗan zuba ruwa, ka juya, ka tsoma su. Ya kamata su nuna sifili. Kada ka gwada da tafasasshen ruwa, domin Zariya na kan tudu, sama da mita 600 daga saman teku, ruwa a nan kusan a digiri 98 yake tafasa. Sai ka ɗauka ma'aunin ne ke ƙarya.

Sannan ka ɗauki kwana uku kana rubuta zafin ruwa da na ɗaki tare: da asuba, da azahar, bayan la'asar, da kuma kafin kwanciya. Za ka ga ruwa na biyo bayan iska. Ɗaki kan kai ƙololuwa wajen ƙarfe biyu ko uku, ruwa kuwa sai kusan magariba. A gidajen bulo da masu rufin siminti, bango na ci gaba da amayar da zafin da ya sha har tsakar dare.

Waɗannan lambobi biyu su ne za su nuna maka hanya. Idan ruwa ya fi ɗaki zafi da digiri biyu ko uku, kayan aikinka ne ke dafa shi, kuma gyaran na da sauƙi. Idan ɗakin da kansa ke kai 33 ko 34, to ɗakin ne matsala, kuma ko ka kashe komai ruwan zai bi shi.

Mataki na biyu: nemo masu zuba zafi

Fara da hita. Da hunturu ana buƙatarta, domin daren Disamba da Janairu a Zariya na sauka ƙasa da digiri 15. Matsalar ita ce a manta da ita a soket har bazara. Na'urar da ke kashe ta kan liƙe, ta ci gaba da dumama ruwa ba tsayawa. Duk lokacin da ka ga zafi ya yi tsalle ba dalili, hita ce abar zargi ta farko. Daga ƙarshen Fabrairu cire filoginta gaba ɗaya.

Sai famfuna. Wannan ne wurin da mutane suka fi raina wa. Duk famfon da ke nutse a ruwa, wutar da yake ci a ƙarshe zafi take komawa a cikin ruwan. Ɗauki tanki mai lita 200. Famfon da ke mayar da ruwa daga ƙaramin tankin ƙasa, wato na tace ruwa da ke cikin kabad a ƙarƙashin babban, yana cin wat 40, famfunan kaɗa igiyar ruwa biyu wat 10 kowanne, famfon sikima, wato na'urar da ke cire dattin ruwa da kumfar iska, wat 15. Jimla wat 75, dare da rana. A awa 24 wannan kilojul 6,480 ne. Ana buƙatar kusan kilojul 4 a ɗaga zafin lita ɗaya na ruwan teku da digiri ɗaya, wato 800 ga tankin duka. Ka raba ka gani: digiri 8 a rana, da a ce ba abin da ke fita. Yana fita ta gilashi da saman ruwa, amma sai ruwan ya fi ɗaki zafi tukuna. Dalilin da ya sa tanki ke zama saman zafin ɗaki ke nan.

Ka duba jikin kowane famfo ka rubuta wat ɗinsa. Tsofaffin famfuna masu aiki da wutar gida kai tsaye sun fi ci. Na zamani masu aiki da wutar batir ta bolt 24, waɗanda ake rage musu gudu, na tura ruwa iri ɗaya da wuta kaɗan, kuma suna da wata fa'ida da za mu zo kanta idan an ɗauke wuta. Famfon da farin dutsen kalsiyam ya daskare a farfelarsa ma yana ƙara zafi. Jiƙa shi cikin ruwan binega ko na sinadarin tsami na sitirik, ka goge, ka ɗauraye sosai. Fitilar UV ta kashe ƙwayoyin cuta, idan ba wata cuta kake yaƙa ba, ta huta zuwa damina.

Fitilu na biye. Tsofaffin fitilun metal halaid masu wat 250 ko 400 murhu ne a saman ruwa, ba su dace da garin nan ba. Dogayen ƙwayayen fitila na T5 sun fi dama, LED ta fi su duka, amma ita ma idan aka kulle ta cikin akwatin katako a saman tanki, zafin bayanta ba shi da mafita sai ruwa. Ɗaga fitila sama kamar taƙi ɗaya daga ruwa, ka buɗe bayan akwatin.

Murfin gilashi shi ma cire shi. Yana tare tururi, kuma tururin ne babbar ƙofar fitar zafi. Tunda wasu kifaye na tsalle, sa raga a madadinsa, amma ta roba. Ragar ƙarfe za ta yi tsatsa ta ɗiga cikin ruwa.

Kabad ɗin ƙasa: buɗe shi da la'asar ka sa hannu. Idan ka ji ɗumi ya buge ka, akwatunan wutar fitilu da na famfuna ne ke dumama iskar da ke kewaye da ƙaramin tankin, sikima kuma na zuƙar wannan iskar tana cusa ta cikin ruwa. Fitar da akwatunan waje, ka huda ƙofar ko ka cire ta.

Na ƙarshe, wanda ya fi faruwa a nan fiye da ƙasashen sanyi, shi ne ruwan da kai kanka kake zubawa. Ruwan da ya wuni a baƙin tankin roba a saman gida, da azahar har wanka ba ya yiwuwa da shi. Idan daga can injin tacewarka ke sha, tara ruwan da asuba, ka ajiye a jarka cikin ɗaki mafi sanyi. Ruwan canji da ka haɗa da gishiri ma ka auna zafinsa kafin ya shiga, domin famfon da ya kwana yana juya shi ya ɗumama shi.

Mataki na uku: ɗakin

Tanki kada ya jingina da bangon yamma, kada rana ta taɓa gilashinsa ko na rabin awa. Ɗakin ƙasa ya fi na sama, ɗaki mai silin ya fi wanda kwano ke kallon ka. Tsofaffin ɗakunan ƙasa masu kaurin bango na cikin birni sun fi yawancin sababbin gidajen Samaru da Hanwa riƙe sanyi da rana. Wanda yake da irinsu ya yi sa'a. Rufe tagogi da labule mai kauri daga hantsi, buɗe su bayan isha'i. Idan kana da iyakwandishan da wutar da za ta riƙe shi, ka sa shi a 26 ko 27 daga azahar zuwa dare. Wannan kaɗai kan wadatar da ƙaramin tanki, kuma kai ma ka amfana.

Mataki na huɗu: fanka, da sanin lokacin da take aiki

A nan Zariya ke da wata baiwa da mutumin Legas ko Fatakwal ba shi da ita: busasshiyar iska. Dabarar randa ce. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. A kan wannan ne marigayi Mohammed Bah Abba ya gina tukunya-cikin-tukunya ta adana kayan miya a Jigawa, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ƙarfin abin ya fi yadda ake zato. Lita ɗaya na ruwa idan ya bi iska yana tafiya da kusan kilojul 2,400. A tankinmu na lita 200, digiri 3 ke nan. Zafin famfunan nan na wat 75 gaba ɗaya, ƙafewar lita uku a rana ta share shi.

Yadda ake yi: ka samu fankar kwamfuta mai bolt 12 guda biyu zuwa huɗu, ko ƙaramar fanka mai maƙali. Ka kafa ta yadda iska za ta shafi saman ruwa a karkace, ta shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗayan. Idan ta tsaya tana hura ruwa kai tsaye daga sama, fantsama kawai za ta yi. Juya famfon igiya ɗaya ya kalli sama har fuskar ruwa ta riƙa rawa. Wannan na ƙara ƙafewa, yana kuma shigar da oksijin. Mai bolt 12 ta fi aminci kusa da ruwan gishiri, kuma tana iya aiki da batir. Bayan 'yan makonni za ka ga farin gishiri ya taru a farfela da wayar bayanta, ya haɗu da jar ƙura ya zama kamar ɓawo. Cire ta daga wuta ka goge da ɗanyen tsumma, in ba haka ba ɓawon zai faɗa ruwa ko ya ci motar.

Amma fanka tana da kaka. Iyakar sanyin da ƙafewa ke iya bayarwa ya dogara da laimar iska. Iska mai digiri 35 da laima kashi 20, irin ta Maris, na iya sauke ruwa a ƙa'ida har kusan 19. Ba za ka kai nan ba, amma digiri uku ko huɗu ba abin mamaki ba ne. Iska mai digiri 33 da laima kashi 60 kuwa, iyakarta wajen 26 da rabi ne, a aikace kuma da ƙyar ka samu digiri ɗaya ko biyu. Wannan shi ne yanayin ƙarshen Afrilu da Mayu, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse, zufa ta ƙi bushewa a jikin mutum. Idan zufarka ba ta bushewa, ruwan tankinka ma ba ya tashi. Mutane na saki jiki saboda fanka ta fisshe su a Maris, sai makonnin gab da saukar damina su zo musu ba shiri. A Agusta laima ta fi yawa, amma garin ya yi sanyi, don haka ba a cika damuwa ba.

Fanka na zuwa da sharuɗɗa uku.

Ruwa ne ke tashi, gishiri na nan. Ƙarfin gishirin tanki 35 ne cikin 1,000, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'auni. Idan lita 6 suka ƙafe daga 200 ba ka mayar ba, ya haura 36. Ka riƙa cikawa da tataccen ruwan RO marar gishiri, wato wanda injin tacewa ya cire wa ma'adanai, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ko ka sa na'urar cikawa da kanta mai ɗan famfo da maɓallin shawagi. Ruwan leda ba abin dogaro ba ne, kowane kamfani da irin tacewarsa. Na rijiya da na burtsatse kuwa a wannan yawan za su tara maka ma'adanai da gansakuka. Ka yi tanadin jarkoki tun kafin bazara, domin injin tacewa ma yana son wuta da matsin ruwa.

Na biyu ƙura. Daga hunturu har farkon bazara duk abin da ke buɗe sai ya sha ta. Idan kana da ƙaramin tankin ƙasa, ɗora fankar a kansa maimakon babban, ka sa soso mai tace iska a inda take zuƙa.

Na uku ya fi su hatsari: maganin sauro. Tanki buɗe, fanka na hura iskar ɗaki a kan ruwa, sikima na zuƙa, sai wani ya shigo da magariba ya fesa magani ko ya yayyafa fiya-fiya. Waɗannan magunguna dafi ne ga kifi, jatan lande da ƙaguwa kuwa ɗan kaɗan ya ishe su. Ɗakin tanki ba a fesa masa magani, ba a kunna na hayaƙi. Gidan sauro da ragar taga su ne mafita. Wannan magana ce da za ka zauna da uwargida da yara ka yi musu bayani, har da turaren wuta da ake zagayawa da shi ɗaki-ɗaki.

Mataki na biyar: kwantirola

Ƙaramar na'ura ce mai igiyar auna zafi da soket biyu, ɗaya na dumamawa ɗaya na sanyayawa. Inkbird ITC-308 na cikin waɗanda aka fi sani, STC-1000 kuma ta fi arha amma sai mai aikin wuta ya haɗa maka. Fanka a soket ɗin sanyi ta tashi a 26.5, hita da hunturu a ɗaya soket ɗin ta tashi a 25. Ko hitar ta liƙe, kwantirola za ta yanke mata wuta. Ka tabbata kan igiyar mai rufin roba ne, ka ɗaure shi a inda ruwa ke gudu kuma ba zai taɓa fitowa iska ba.

Mataki na shida: injin sanyaya ruwa

Idan ka yi duk na sama amma ruwa na taɓa 28 a kai a kai, lokacin cila ya yi. Ƙaramin firij ne da ruwan tanki ke ratsawa ta cikinsa. Hailea da Teco na cikin sanannun kamfanoni. Ana sayar da shi da ƙarfin doki: kashi ɗaya cikin goma ga ƙananan tankuna, rubu'i ga matsakaita, rabi ga manya. Adadin litar da ake rubutawa a kwali bai san bazarar Zariya ba, don haka ɗauki wanda ya fi na lissafinka da mataki ɗaya. Ƙaramin da ke aiki ba hutu ya fi cin wuta kuma ya fi saurin mutuwa. Ƙananan nan marasa kwamfuresa na tankin lita 20 zuwa 40 ne, a ɗaki mai zafi ma ba sa kataɓus.

Kafin ka biya, duba abu biyu. Wutar: bolt 220 zuwa 240, haz 50, wanda aka yi don Amurka na 110 ne. Sai bututun da ruwa ke taɓawa: titaniyam kawai. Idan ka kai maganar wurin mai gyaran firij a Sabon Gari, da kyakkyawar niyya zai ce maka, “Ranka ya daɗe, ai wannan ba sai ka saya ba. Kawo tsohuwar firiza mu naɗa maka bututun jan ƙarfe, ka ga aiki.” Ka gode masa ka ce, “Malam, hannunka ban raina ba, amma jan ƙarfe ko kaɗan ya narke a ruwan nan, murjani da dodon koɗi duk sun tafi.” Dabarar naɗa tiyon roba a cikin ƙaramin firij kuma ba ta cutarwa, sai dai ba ta aiki: roba ba ta wuce da zafi sosai, firij ɗin kuma an yi shi ne don riƙe abin da ya riga ya huce.

Wurin ajiye shi ne ke raba mai jin daɗinsa da mai zaginsa. Cila ba ya ɓatar da zafi, kwashe shi yake daga ruwa ya zubar a iska, haɗe da na wutar da ya ci. Ka sa shi cikin kabad, ya dumama kabad, kabad ya dumama ruwa, ya sake tashi. Mafi kyau a huda bango a kai shi baranda mai inuwa ko ɗakin da ke maƙwabtaka, a bar masa sarari kamar santimita 30 gaba da baya, a naɗe tiyon da soso irin na bututun iyakwandishan. Idan an kawo shi a mota, bar shi tsaye kwana guda kafin ka kunna, man kwamfuresa ya koma mazauninsa. Gudun ruwan da ke ratsa shi ya dace da abin da littafinsa ya ce. Ragar gabansa a goge ta duk mako a lokacin ƙura.

Saita shi a 26 ko 26.5 da tazarar digiri ɗaya, fanka ta riƙa fara tashi kafin shi. Sa masa sitabilaiza mai jinkirta kunnawa na minti uku, domin wutar da ke tafiya ta dawo nan take ita ke kashe kwamfuresa. Idan a kan inbata zai zauna, ka tuna lokacin tashi yana jan wuta ninki uku ko fiye na abin da yake ci a tafe, kuma yana son inbata mai tsabtatacciyar wuta. Mai sola na da sa'a guda: lokacin da rana ta fi ƙuna shi ne lokacin da faifansa ya fi bayarwa.

Da zarar ruwan tanki ya koma ƙasa da zafin ɗaki, gilashi ya zama ƙofar shigowar zafi. A nan ne manna farin kumfan da ake naɗo firij da shi a baya da gefuna ke amfani. Wanda ruwansa ya fi ɗaki zafi kada ya yi, tare zafin zai yi a ciki.

Idan an ɗauke wuta, ko ka dawo ka tarar da 30

Alamomin a bayyane suke. Kifi ya taso sama ko ya tsaya gaban famfo yana haki, murfin gefen kansa na bugawa da sauri. Murjani masu taushi sun tsuke sun kwanta, wasu na fitar da yauƙi kamar zare. Dodon koɗi na faɗowa daga gilashi. Xenia, wani nau'in murjani mai taushi, wadda kullum hannuwanta ke buɗewa suna rufewa, ta daina motsi ta fara narkewa.

Iska kafin sanyi. Kunna famfon iska mai batir, ko ka haɗa famfon igiya mai bolt 24 da batir ya kaɗa saman ruwa. Wat 10 ne, batirin mota biyu a jere za su riƙe shi fiye da kwana. In babu ko ɗaya, ɗauki jug ka riƙa ɗiba kana zubowa daga sama, minti biyu duk bayan minti goma. Kashe fitilu, murjani na jure kwana biyu ko uku a duhu, zafi da haske tare ne ba ya jurewa. Kada ka ba da abinci. Buɗe murfi da kabad, juya fankar caji kan ruwa. Idan za ka tayar da janareta, ya yi nesa da taga, domin sikima za ta zuƙi hayaƙinsa.

Sannan ƙanƙara. Ka riƙa ajiye gorunan roba na lita ɗaya da rabi a firiza, an cire takardar jikinsu, an cika su da ruwan RO ba har baki ba, don ko sun fashe kada su ɓata tanki. Gora ɗaya, daga narkewa har ta ɗumama, na sauke lita 200 da ƙasa kaɗan da digiri ɗaya. Ka ga ke nan biyu ba za su wadatar da wuni ba. Shida ko takwas ake juyawa. Sa su a ƙaramin tankin ƙasa idan famfo na aiki, ko a saman ruwa inda yake gudu, nesa da murjani. Ƙanƙarar masu sayarwa a bakin titi ba ka san ruwanta ba; sa ta cikin sabuwar leda biyu ka ɗaure tam. Kada saukar ta wuce digiri ɗaya a awa. Daga 31 ka nufi 28 ka tsaya, sauran sai gobe.

A makonnin da zafi ya tsananta, rage ƙarfin fitila da kashi 30 zuwa 50, ko ka matsar da lokacinta ta fara bayan la'asar ta ƙare tsakar dare, kana matsawa da awa ɗaya kowace rana. Mai dogaro da sola ba batir mai yawa sai ya matsar da ita zuwa safiya, daga asuba zuwa azahar.

Bayan abin ya wuce

Kwana biyu zuwa mako bayan zafin ne ɓarna ke fitowa. Gwada amoniya, dafin da ruɓewa ke fitarwa, kullum, domin abin da ya mutu a bayan dutse ba ka gani, kuma amoniya ta fi dafi a ruwa mai zafi. Animoni, dabbar nan mai kama da fure, da ta saki dutse ta fara wari a fitar da ita nan take da raga da tiyo, guda ɗaya na iya ɓata tanki duka. Canza kashi 10 zuwa 20 na ruwa da wanda zafinsa da gishirinsa suka yi daidai da na tanki, ka sa sabon gawayin tacewa.

Murjanin da ya yi fari kada ka yi saurin jefarwa. Haska shi da tocila da dare. Idan akwai siririn nama a kan ƙashin kuma ƙananan bakunansa na fitowa, yana da rai: sauko da shi inda haske ya fi rauni, ka riƙa ba shi abinci mai laushi kaɗan sau biyu ko uku a mako, tunda masu ciyar da shi sun tafi. Launi kan dawo cikin makonni ko watanni, yakan fara da ruwan ƙasa. Idan naman na saɓulewa yana barin ƙashi tsirara, yanke reshen da ke da lafiya kamar santimita ɗaya sama da inda cutar ta kai, ka manna shi a wani dutse, ka fitar da sauran. Ƙashin da ya mutu cikin 'yan kwanaki gansakuka ke rufe shi.

Wanda zai sake cika tanki ya jira damina ta zauna, wajen Yuli, lokacin da hanya ma ta fi sauƙi ga dabbobin da ke tahowa cikin kwali. Ya fara da murjani masu taushi irin su zowantid da murjanin lema da masu kaurin fata, waɗanda suka fi jure hawa da sauka. Acropora sai tankin ya ratsa bazara guda cikakkiya littafin awonka bai nuna 28 ba.